Yadda Ake Nemo Alƙaluman Tattalin Arziki da na Yawan Jama'a Daga Hukumomin Gwamnati

Duk wanda ya taɓa rubuta kundin kammala karatu, ko rahoton jarida, ko takardar neman tallafi ga wata ƙungiya, ya san lokacin da rubutu ke tsayawa cak saboda rashin adadi guda ɗaya: mutum nawa ne ke zaune a ƙasa kaza, kashi nawa ne ba su da aikin yi, da nawa farashin kaya ya tashi a bara. Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su rubuta tambayar a Google, su ɗauki adadin da ya fara bayyana, su liƙa shi a rubutunsu. Irin wannan adadin sau da yawa maraya ne, domin wata jarida ce ta kwafo shi daga wata jaridar, ita kuma ta ji shi a bakin wani jami'i, ba a san wanda ya ƙirga ba, ba a san shekarar da aka ƙirga ba. Gwamnati ce kaɗai ke da iko da kuɗin da za ta shiga gida-gida ta ƙidaya al'ummar ƙasa baki ɗaya, ko ta tilasta wa bankuna da kamfanoni su miƙa bayanansu, shi ya sa tushen kusan kowane adadi na ƙasa yake komawa ga wata hukumar gwamnati. Ga matakan da ake bi a isa can, a kuma fahimci abin da aka tarar.

Mataki na farko: tsayar da tambayarka

Kafin ka buɗe kwamfuta, rubuta abin da kake nema a jimla ɗaya wadda ta ƙunshi abubuwa huɗu: mene ne, na ina, na wace shekara, kuma da wane ma'auni. "Ina neman bayani kan talauci" ba tambaya ba ce da wata hukuma za ta iya amsawa. Amma idan ka ce kana neman kason mutanen da abin da suke kashewa a shekara bai kai mizanin talauci na ƙasa ba, jiha-jiha, daga bincike na baya-bayan nan, to ka riga ka yi rabin aikin, domin wannan jimlar ta nuna maka irin rahoton da za ka nema da kuma jadawalin da za ka duba a cikinsa.

Mataki na biyu: gano hukumar da alhakin adadin yake wuyanta

Kusan kowace ƙasa tana da babbar hukumar ƙididdiga, kuma daga nan ya kamata a fara. A Najeriya ita ce Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, wadda dokar ƙididdiga ta 2007 ta ɗora wa nauyin daidaita alƙaluman hukuma. A Nijar akwai INS, a Faransa akwai INSEE da aka kafa a 1946, a Birtaniya kuwa ONS. Waɗannan su ne ke fitar da ma'aunin hauhawar farashi, da jimillar arzikin da ƙasa ta samar a shekara, wanda aka fi sani da GDP, da alƙaluman aikin yi da na talauci.

Sai dai ba kowace ƙasa ce ta tara komai a ƙarƙashin rufi ɗaya ba, kuma rashin sanin haka yana ɓata wa mutane lokaci sosai. A Najeriya ƙidayar jama'a da rajistar haihuwa da mutuwa aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, ba na NBS ba. A Amurka abin ya fi haka rarrabuwa: hukumar ƙidaya tana ƙirga mutane da gidaje, hukumar BLS ta ma'aikatar ƙwadago tana fitar da hauhawar farashi da rashin aikin yi, hukumar BEA kuma ita ke lissafin GDP. Wanda ya shiga shafin hukumar ƙidayar Amurka yana neman hauhawar farashi zai wuni yana lalube.

Duk abin da ya shafi kuɗi kansa, kamar kuɗin ruwa, da canjin kuɗi, da ajiyar kuɗaɗen waje, da yawan bashin da bankuna suka bayar, da lissafin abin da ya shiga ƙasa da wanda ya fita, galibi a babban banki ake samunsa. Ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ciki har da Nijar, babban banki ɗaya gare su, wato BCEAO mai hedikwata a Dakar, saboda haka can za a nufa. Kasafin kuɗi da yadda aka kashe shi suna ma'aikatar kuɗi ko ofishin kasafi, bashin da ake bin gwamnati kuma a wasu ƙasashe yana da ofishinsa na musamman, kamar DMO a Najeriya. Alƙaluman kayan da aka shigo da su da waɗanda aka fitar daga takardun kwastam suke fitowa, amma galibi hukumar ƙididdiga ce ke tace su ta wallafa. Yawan ɗalibai da malamai yana ma'aikatar ilimi, yawan asibitoci da allurar rigakafi yana ma'aikatar lafiya.

Mataki na uku: tabbatar kana shafin hukumar na ainihi

Adireshin shafi yana ba da alama ta farko. Shafukan gwamnatin Amurka suna ƙarewa da .gov, na Najeriya da .gov.ng, na Birtaniya da .gov.uk, yawancin ma'aikatun Faransa kuma da .gouv.fr. Amma wannan ba doka ba ce da ta hau kan kowa, domin INSEE kanta adireshinta insee.fr ne kawai. Idan ka yi shakka, hanya mafi aminci ita ce ka shiga shafin wata hukuma da ka riga ka amince da ita, kamar babban bankin ƙasar ko sashen ƙididdiga na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke da jerin hukumomin ƙididdiga na ƙasashe, ka bi mahaɗin daga can.

Akwatin bincike na cikin shafukan hukumomi da yawa ba ya aiki yadda ya kamata, don haka gara ka sa Google ya yi maka binciken a cikin shafin. Ka rubuta site: sannan adireshin hukumar ba tare da barin tazara ba, sai kalmomin da kake nema, idan ka ƙara filetype:pdf zai kawo maka rahotanni kaɗai, idan kuma ka ƙara filetype:xlsx zai kawo jadawalan Excel. Dole ne kalmomin su kasance cikin harshen da hukumar ke aiki da shi, kuma su zama irin waɗanda ita kanta take amfani da su. Ƙidayar jama'a a ƙasashe masu aiki da Turanci census ce, a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci kuwa recensement, kuma sun fi taƙaita cikakken sunanta da RGPH. Wanda ya rubuta waɗannan haruffa huɗu tare da sunan ƙasar zai isa wurin da sauri fiye da wanda ya rubuta doguwar jimla.

Mataki na huɗu: kada ka tsaya a sanarwar manema labarai

Hukuma takan fitar da sakamako ɗaya a siffofi daban-daban. Akwai gajeriyar sanarwa mai shafi ɗaya ko biyu da ake rabawa 'yan jarida, akwai cikakken rahoto, akwai kuma jadawalan da za a iya saukewa. Sanarwar tana ɗauke da abin da hukumar ta ga dama ta haskaka, rahoton yana da bayanin yadda aka yi aikin, jadawalan kuma su ne ke da rabe-raben da mai bincike ke buƙata: maza da mata, birni da karkara, rukunin shekaru, jiha ko lardi. Ka sauke rahoton da jadawalan tare. Idan bincikenka mai zurfi ne, wasu hukumomi suna ba da amsoshin gidaje ɗaya bayan ɗaya bayan an goge sunaye da duk abin da zai tona asirin mai amsa, amma sai ka yi rajista ka faɗi abin da za ka yi da su.

Duba kuma ko hukumar tana da kalandar fitar da rahotanni. Hauhawar farashi kowane wata ake fitar da shi a yawancin ƙasashe, GDP duk wata uku, saboda haka mai yiwuwa ne adadin da ke hannunka ya kusa tsufa da kwana biyu.

Mataki na biyar: gane ko ƙirge ne, ko samfuri, ko hasashe

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Adadi na hukuma yana fitowa ne ta ɗaya daga hanyoyi huɗu, kuma ba su yi daidai da juna wajen ƙarfi ba.

Ta farko ita ce ƙidaya, inda ake ƙoƙarin ƙirga kowa da kowa. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba da shawarar a yi ta aƙalla sau ɗaya a shekara goma. Amurka tana yin haka tun 1790, kuma ƙidayarta ta 2020 ta sami mutum 331,449,281. Ghana ta yi tata a 2021 ta sami kimanin miliyan 30.8. Amma ƙasashe da dama sun yi nisa da wannan ƙa'ida: ƙidayar Najeriya ta 2006 ta ba da mutum 140,431,790, sabuwar ƙidayar da aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta, ƙidayar Nijar ta 2012 ta ba da kimanin miliyan 17.1, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yi tata a 1984, Lebanon kuwa tun 1932. Ma'anar wannan ita ce, idan ka ga an ce yawan jama'ar irin waɗannan ƙasashe a bana miliyan kaza ne, ba wanda ya ƙirga su a bana. An ɗauki adadin tsohuwar ƙidaya ne aka ɗora masa zaton yawan haihuwa da mutuwa da ƙaura, kuma gwargwadon nisan shekarun gwargwadon yadda kuskure zai iya faɗaɗa, musamman idan aka sauko matakin gari ko ƙaramar hukuma, inda ƙaura ke sauya lissafi cikin 'yan shekaru. Wannan ita ce hanya ta biyu, wato hasashe, kuma wajibi ne ka kira shi da sunansa a rubutunka.

Ta uku ita ce binciken samfuri, inda ake zaɓar gidaje 'yan dubbai bisa ƙa'idar lissafi a yi musu tambayoyi, sannan a kwatanta sakamakon da ƙasa duka. Da haka ake samun yawancin alƙaluman rashin aikin yi, da talauci, da mutuwar ƙananan yara, da yawan haihuwa. Binciken lafiya da yawan jama'a da ake kira DHS, wanda aka fara a tsakiyar shekarun 1980, da na MICS kan halin yara da mata wanda UNICEF ke tallafawa tun tsakiyar shekarun 1990, duk irin wannan ne, kuma hukumomin ƙasashe ne ke gudanar da su a ƙasa. Samfuri mai kyau abin dogaro ne, amma yana da iyaka: wanda aka tsara don ya wakilci jiha ba zai ba ka amsa mai ƙarfi kan ƙaramar hukuma ba. A ƙarshen rahoton akan sa jadawalin da ke nuna faɗin kuskuren da ake tsammani, kuma idan bambancin da ke tsakanin yankuna biyu bai wuce wannan faɗin ba, bai kamata ka rubuta cewa ɗaya ya fi ɗaya ba.

Ta huɗu ita ce bayanan da ofisoshi ke tarawa a yayin aikinsu na yau da kullum, kamar rajistar haihuwa, da takardun haraji, da na kwastam. Waɗannan suna nuna abin da aka rubuta ne kawai. Inda iyaye da yawa ba sa yi wa jarirai rajista, adadin rajistar ba shi ne adadin haihuwa ba, haka nan kayan da suka tsallaka iyaka ta bayan fage ba za su bayyana a lissafin kwastam ba.

Mataki na shida: karanta bayanin yadda aka auna

Wannan shi ne babin da kowa ke tsallakewa, kuma a ganina shi ne mafi amfani a cikin rahoton duka. Misalai uku daga ƙasa ɗaya za su nuna dalili.

NBS ta bayyana cewa rashin aikin yi a Najeriya ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a wata ukun ƙarshe na 2020. A 2023 hukumar ta fitar da adadin wata ukun farko na shekarar, sai ga shi kashi 4.1. Ba ayyuka ne suka samu da yawa haka ba, ma'anar kalmar ce ta sauya. A tsohon tsari, wanda ya yi aikin da bai kai awa 20 a mako ba ana sa shi cikin marasa aiki; a sabon tsari, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a makon da aka tambaye shi ana ƙirga shi mai aiki. Wanda ya jera adadin biyu a zane ɗaya ya ce rashin aikin yi ya faɗi warwas, ya yaudari mai karatunsa ko da bai yi niyya ba.

Misali na biyu ya shafi shekarar da ake ɗauka a matsayin ma'auni, wato shekarar da ake kwatanta alƙaluman sauran shekaru da nata. A 2014 Najeriya ta sauya wannan shekara a lissafin GDP daga 1990 zuwa 2010, ta shigar da sassan da tsohon lissafi bai ba su haƙƙinsu ba, kamar sadarwar wayar salula da harkar fina-finai, sai adadin 2013 ya tashi da kusan kashi 89 cikin ɗari zuwa kimanin dala biliyan 510, ya zarce na Afirka ta Kudu. Ghana ta yi irin wannan gyara a 2010 adadinta ya ƙaru da fiye da kashi 60. Haka ya sake faruwa da hauhawar farashi a Najeriya: kashi 34.80 a Disambar 2024, sannan kashi 24.48 a Janairun 2025, bayan an sabunta jerin kayan da ake auna farashinsu da kuma shekarar ma'auni. A duk lokacin da ka ga adadi ya yi irin wannan tsalle, ka tuna ruwa ba ya tsami banza, ka nemi sanarwar sauyin tsari kafin ka nemi dalili a siyasa ko kasuwa.

Na uku ya shafi wuraren da binciken ya isa. Binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 40.1 na 'yan Najeriya, kimanin mutum miliyan 82.9, suna ƙasa da mizanin talauci, amma wannan adadi bai haɗa da jihar Borno ba, saboda matsalar tsaro ta hana a kai ga sassanta da dama. A 2022 kuma hukumar ta fitar da wani adadin, kashi 63 ko mutum miliyan 133, wanda ya auna talauci ta fuskoki da yawa, kamar ilimi da lafiya da muhalli da aikin yi, ba ta kuɗin da ake kashewa ba. Dukansu na hukuma ne, kuma ba su saɓa wa juna ba, domin tambayoyi biyu daban suka amsa.

Bayan waɗannan, akwai ƙananan abubuwan da ke kan jadawalin kansa. Duba ko an rubuta cewa adadin na dubbai ne ko na miliyoyi. Duba ko GDP ɗin da farashin shekarar aka lissafa shi ko an cire tasirin hauhawar farashi, domin na biyun ne ake auna bunƙasa da shi. Duba ko shekarar kalanda ce ko ta kasafi, tunda ta gwamnatin Amurka daga Oktoba take farawa, ta Indiya kuma daga Afrilu. A takardun Faransanci waƙafi shi ne ke raba cikakken adadi da ɓangarensa, wato 3,5 na nufin uku da rabi, kalmar milliard kuma ita ce biliyan. Sannan ka lura da alamar da ke nuna adadin na wucin gadi ne: BEA takan fitar da GDP na kowane wata uku har sau uku, tana gyarawa yayin da ƙarin bayanai ke shigowa.

Mataki na bakwai: san lokacin da za ka koma ga hukumomin duniya

Idan kwatanta ƙasashe kake son yi, rumbunan bayanan hukumomin duniya sun fi sauƙi, domin sun daidaita ma'auni. Bankin Duniya ya buɗe rumbunsa kyauta ga kowa tun 2010. Asusun Ba da Lamuni na Duniya yana fitar da hasashen tattalin arzikin ƙasashe a Afrilu da Oktoba, sashen yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya yana da ƙiyasin kowace ƙasa, cinikayya tsakanin ƙasashe tana rumbun Comtrade na Majalisar, ƙwadago yana rumbun ILOSTAT na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, noma kuma yana rumbun FAOSTAT na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar. Sai dai ka sani cewa yawancin abin da ke ciki daga hukumomin ƙasashe aka karɓo shi, inda aka rasa kuma aka cike gurbin da ƙiyasi. Su ma mizaninsu yana motsi: Bankin Duniya ya ɗaga mizanin matsanancin talauci daga dala 1.90 a rana zuwa 2.15 a 2022, sannan zuwa dala 3 a 2025. Idan ƙasa ɗaya kake nazari, musamman jihohinta ko lardunanta, hukumar ƙasar ce ta fi cikakken bayani, kuma kada ka haɗa adadin wannan da na waccan a layi ɗaya ba tare da ka faɗa ba.

Mataki na takwas: idan ka nema ba ka samu ba

Shafukan hukumomi sukan sauya fasali tsofaffin rahotanni su ɓace. Ka kwafi tsohon adireshin ka sa shi a Wayback Machine, wanda ke ajiye hotunan shafuka na shekarun baya, sau da yawa har da takardun da ke maƙale da su. Alƙaluman da suka girmi intanet kuwa suna cikin littattafan ƙididdiga na shekara-shekara da ake ajiyewa a ɗakunan karatu na ƙasa da na jami'o'i, kuma ma'aikacin sashen takardun gwamnati yakan san inda suke fiye da kowace manhajar bincike. Matambayi ba ya ɓata.

Idan duk wannan bai biya ba, rubuta wa hukumar wasiƙa, ka ambaci sunan binciken da shekarar da jadawalin da kake so. Ƙasashe da dama suna da dokar 'yancin samun bayanai da za ka kafa hujja da ita: ta Najeriya ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, ta Birtaniya ta 2000 ta ba da kwanakin aiki 20, ta Indiya ta 2005 kuma kwana 30. Dokar tana tilasta a ba ka abin da hukumar ke da shi ne, ba ta tilasta a yi maka sabon lissafi, kuma ba za a ba ka bayanan wani mutum ko wani kamfani shi kaɗai ba, domin sirrin mai amsa tambaya yana cikin ginshiƙan ƙa'idojin ƙididdigar hukuma da babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a 2014.

Mataki na tara: ajiye shaida, ka faɗi inda ka samo

Da zarar ka sami adadin, sauke takardar ka ajiye kwafinta, ka sa mata suna mai ɗauke da sunan hukumar da shekarar da ranar da ka sauke ta, tunda ana iya gyara jadawalin gobe. Kada ka yi lissafinka a kan kwafin asali. Buɗe wani daban. A cikin rubutunka kuma ka bar adadin ya zo tare da sunan hukumar, da sunan rahoton, da lokacin da adadin yake wakilta, wanda sau da yawa ya bambanta da shekarar da aka wallafa shi, da lambar jadawalin ko shafin. Idan kai ne ka raba wani adadi da wani ka fitar da kaso, ka rubuta cewa lissafinka ne bisa alƙaluman hukumar, ka kuma nuna adadin biyu da ka yi amfani da su domin mai karatu ya iya maimaita lissafin da kansa.